Makirufo U 47 da Asalin Tsadar Gyaransa

A shekarar 1928 wani injiniya Bajamushe, Georg Neumann, ya kafa kamfani a birnin Berlin don ƙera makirufo, watau abin nan da ke ɗaukar muryar mai magana ko mai waƙa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1949, ya fara fid da wani samfuri da a ke kira U 47. Kafin a ce haka wannan makirufo ya cika ɗakunan ɗaukar murya na Turai da Amurka. Frank Sinatra ya yi waƙa a gabansa, haka kuma mawaƙan nan na Ingila, Beatles, a ɗakin Abbey Road na Landan. An daina ƙera shi a 1965, amma har wa yau masu sana'ar ba su saki waɗanda su ka saura ba. Sai dai fa riƙonsa sai mai hali, kuma tsadar ta samo asali ne daga abu biyu ƙanana da ke cikinsa.

Na farko shi ne bawul, ɗan ƙwan lantarkin da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Wanda ke cikin U 47 sunansa VF 14, kamfanin Telefunken ne ya ke yinsa, mai kwasfar ƙarfe, ba gilashi ba. Ba don makirufo a ka ƙirƙiro shi ba tun farko, saboda haka sai Neumann su riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ya ƙugi su ɗauka, a buga masa harafin M, sauran su mayar. Waɗanda su ka ci jarrabawar ba su kai rabi ba. To, wajen 1958 Telefunken ya daina yin wannan bawul ɗungum, domin kasuwarsa ta mutu, ba sauran mai sayensa sai Neumann. Tun daga ran nan duk VF 14 da ya ƙone ya tafi ke nan, ba mai maye gurbinsa.

Kamfanin ya yi dabara, ya fito da wani ɗan ƙaramin bawul na Amurka da a ke kira nuvistor don a sa a madadinsa. Makirufon ya yi aiki, amma masu kunne su ka ce muryar ta sāke, su ka ƙi shi. Ba su yi ƙarya ba, gama an gina sauran kayan cikin ne bisa halin VF 14 shi kaɗai. Yau kuwa tsohon bawul ɗin mai lafiya kan ci dubban daloli, kuma mai saye ba shi da tabbacin shekara nawa su ka rage masa.

Na biyu shi ne tantanin da murya ke bugawa, wanda a ka ɗaure shi kamar fatar kalangu, a ka shafe shi da zinariya. A samfurin farko, mai suna M 7, da robar PVC a ka yi shi. Wannan roba in ta tsufa sai ta bushe, ta tsattsage. Ga kuma tururin baki da ƙura, su kan taru a kai har makirufon ya riƙa tsartsatsi. Wanke shi ma hatsari ne, hannu ya kuskure kaɗan zinariyar ta goge. Wajen 1960 a ka koma wata roba mai jure shekaru, amma tsofaffin sai an sake musu tantani, masu iya wannan aiki kuwa a duniya ba su da yawa. Wani abin sha'awa, a ƙauyen Gefell, inda Neumann ya kwashe masana'antarsa a 1943 don gudun bama-bamai, kamfanin Microtech Gefell ya ci gaba da yin M 7 bisa tsohuwar hanya, ko da ya ke ƙauyen ya faɗa Jamus ta Gabas bayan yaƙi.

A nan ne mai makirufon ke shiga tsaka mai wuya. In ya sa sababbin kaya, makirufon ya tashi, amma darajarsa a kasuwa ta faɗi, domin dillalai kan buɗe shi su duba ko bawul da tantanin na asali ne. In kuwa ya bar na asalin, sai ya zauna yana fargabar ranar da za su mutu ana tsakiyar ɗaukar waƙa. Shi kansa Neumann tun 1960 ya kauce wa wannan wahala, ya gina U 67 a kan bawul EF 86 wanda a ke samu ko'ina, sa'an nan a 1967 ya fito da U 87 mai tiransista.