Yafiya da Sulhu a Koyarwar Kirista: Nazari Bisa Halin da Safana da Batsari Suke Ciki

Tsakure

Maƙalar ta dubi abin da Linjila ta ɗora wa wanda aka zalunta, ta auna shi da sulhun da ake yi da 'yan bindiga a yammacin Katsina, ta nuna cewa yafiya wajibi ce a kan mutum, amma sulhu yana da sharuɗɗa.

Mas'alar

Duk wanda ya san ƙasar Safana da Batsari, wadda ta jingina da Dajin Rugu, ya san cewa tun da satar shanu ta rikiɗe ta koma garkuwa da mutane da ƙone ƙauyuka, irin abin da ya auka wa Tsauwa da Dankar a watan Fabrairu 2020, maganar afuwa ta bar zauren malamai ta shiga gidan kowa. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga a 2019, daga bisani ya ce sun ci amana. Mafi rinjayen mutanen yankin Musulmi ne, amma Kiristanci ba baƙo ba ne a lardin, domin mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA, ya riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga da ke kan hanyar Batsari a zamanin Turawa, kuma a 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Katsina ƙarƙashin Bishop Gerald Mamman Musa.

Hujjoji

A sura ta 18 ta Linjilar Matiyu, Almasihu ya hana Bitrus ƙidaya yawan yafiyarsa, sa'an nan ya buga misali da bawan da sarki ya yafe masa talanti 10,000, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Ma'anar ita ce, wanda ya rayu da rahamar Ubangiji ba shi da hujjar riƙon wani a zuci. Wannan yafiya ba ta jiran azzalumi ya nemi gafara, domin barin ramuwa ce.

To, amma a nan ne wasu masu wa'azi kan yi gaggawa, su haɗa yafiya da komawa zaman amana, alhali nassin bai haɗa su ba. Luka, a sura ta 17, ya gabatar da tsawatarwa da tuba, kuma a sura ta 19 ya kawo Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi alkawarin mayar da ninki 4 na abin da ya ƙwace. Bulus kuwa, a sura ta 12 ta wasiƙarsa ga Romawa ya hana ɗaukar fansa, a ta 13 ya bar takobin hukunci a hannun hukuma. Malaman fiƙihu ba za su ji baƙon abu ba, tun da su ma mayar da haƙƙin bayi suka sa cikin sharuɗɗan tuba.

Akwai kuma nauyin da mutum kan ɗora wa kansa: wanda ya tsira aka kashe ƙanensa, ko wanda ya sayar da gonar gado bai cika kuɗin fansa ba. Wannan baƙin ciki ne, ba zunubi ba, kuma wajibin fasto ne ya rarrabe masa su. Mai laifin gaske, kamar wanda ya kai wa ɓarayi rahoton maƙwabcinsa, misalin Bitrus da Yahuza, almajiran da suka juya wa Almasihu baya, ne a gabansa: dukansu sun yi nadama, ɗaya ya koma aka karɓe shi, ɗaya ya yanke ƙauna ya halaka kansa.

Bisa wannan, gwauruwar da ta yafe ta sauke farillarta, kuma ba a da ikon cewa ta bar neman shanunta. Sulhun da ba a ajiye makami ba, ba a mayar da dukiya ba, yana iya zama maslahar hukuma, amma ba shi da madogara a Linjila.