Kaza da Ƴaƴanta a Fadar Iskandariyya

Taurarin nan da Bahaushe ke kira kaza da ƴaƴanta, Girkawan dauri na ce musu Fileyad, suna ƙirga su bakwai. Da sunansu aka yi wa wasu mawaƙa bakwai laƙabi, marubuta wasannin kwaikwayo masu ƙarewa da baƙin ciki, waɗanda suka yi tashe a Iskandariyya ta Masar zamanin Sarki Batalamiyus na 2, wanda ya rasu a shekarar 246 kafin haihuwar Annabi Isa.

Biyu daga cikinsu sarki ya ɗora wa aiki a babban ɗakin littattafan birnin: Likofuron ya tsara wasannin barkwanci na magabata, Iskandar mutumin Etoliya kuwa na baƙin ciki. Abin takaici, sun adana na wasu, nasu ya salwanta. An ce Filiskus ya rubuta wasa 42, amma ko ɗaya bai tsira cikakke ba. Hatta sunayen bakwai ɗin, malaman baya sun saɓa a kansu.

Abin da ya saura shi ne Alekzandara, waƙa mai layi 1474, mai wuyar fahimta ainun, da ake jingina wa Likofuron. Sai kuma laƙabin, wanda Ronsar da abokansa suka ara a Faransa cikin ƙarni na 16, har ya fi zama nasu a bakin ƴan lakwal.