Kafuwar Ƙungiyar Yaƙi da Cututtukan Huhu ta Amurka

A farkon ƙarni na 20 tarin fuka yana sahun gaba a cikin cututtukan da suke hallaka mutane a Amurka, kuma duk da cewa Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tun 1882, babu maganin da yake kashe ta. Abin da likitoci suka dogara da shi bai wuce hutu da abinci mai gina jiki da iska mai tsabta ba, a wani irin asibiti da ake keɓe masu tarin na tsawon watanni. A cikin wannan hali ne wasu likitoci, ciki har da Lawrence Flick da William Osler, suka kafa Ƙungiyar Nazari da Rigakafin Tarin Fuka ta Ƙasa a 1904, suka naɗa Edward Livingston Trudeau shugabanta na farko, likitan da shi kansa ya sha fama da cutar kafin ya buɗe irin wannan asibiti a Saranac Lake.

Sai dai ilimin likitoci kaɗai bai isa ya raya ƙungiya ba, kuɗin da suka tsayar da ita daga aljihun talakawa suka fito. A 1907 wata ma'aikaciyar agaji ta Red Cross a jihar Delaware, Emily Bissell, ta ari dabarar wani ma'aikacin gidan waya ɗan ƙasar Denmak, Einar Holbøll, ta buga 'yan takardu masu kama da kan sarki waɗanda ake liƙawa a wasiƙun Kirsimeti, kowace a kan santi ɗaya. Dala 300 take nema domin ceto wani ƙaramin asibitin masu tarin fuka, sai ta tara dala 3,000. Daga nan sayar da takardun ya bazu a ƙasar baki ɗaya, har Red Cross ta bar wa ƙungiyar shi kacokan a 1920, ya zama babbar hanyar samun kuɗinta.

Bayan samuwar maganin streptomycin a shekarun 1940 mace-macen tarin fuka sun ragu ƙwarai, kuma abin yabawa a nan shi ne ƙungiyar ba ta naɗe tabarmarta ba, ta karkata ga asma da ciwon dajin huhu da illar taba sigari da gurɓatar iska. A 1973 ta ɗauki sunan American Lung Association, wato Ƙungiyar Yaƙi da Cututtukan Huhu ta Amurka, kuma tun daga shekarar 2000 take fitar da rahoton shekara-shekara kan ingancin iskar da mazauna sassan Amurka suke shaƙa.