Hajiya Saratu Giɗaɗo (Daso), 1968 zuwa 2024

Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, tana daga cikin fitattun matan da suka yi fice a wasan kwaikwayon Hausa a Jihar Kano. An haife ta ranar 17 ga Janairu, 1968, ta kuma shafe shekara 24 tana wannan sana'a, wanda ba ƙaramin abu ba ne a fagen da yawancin mata ba sa daɗewa a cikinsa.

Fagen da ta tarar

Kafin zuwan kaset ɗin bidiyo, wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa na daɓe ne da na rediyo da talabijin. Ƙungiyoyin wasa kan yi atisaye da yamma, su nuna wasanninsu a makarantu da zaurukan taro, daga nan kuma masu sa'a su samu shiga gidan talabijin na NTA ko na CTV, wanda gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa, aka kuma sauya masa suna daga baya zuwa ARTV. A wancan zamani ne jama'a suka san Samanja na Kaduna da Kuliya na Kano. Ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, wato Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka shi ne fim na farko na bidiyon Hausa da aka kai kasuwa a Kano.

Daso ta shigo ne bayan shekara goma da wannan. Fim ɗinta na farko shi ne Linzami da Wuta, na kamfanin Sarauniya, a shekarar 2000. Bayansa ta fito a Nagari da Gidauniya da Mashi da Sansani, da wasu da dama.

Irin rawar da ta taka

A lokacin da ta shigo, kasuwa ta karkata ga labarin soyayya mai rawa da waƙa, kuma kowace sabuwar 'yar wasa burinta a ba ta matsayin budurwar da ake so. Daso ba ta bi wannan hanya ba. Ita aka sani da fitowa a muguwar kishiya, ko uwar miji mai takura wa suruka, ko matar da ke zarya gidan boka don ta mallake miji. Tana da kaifin harshe da iya harara, ga kuma barkwanci da ke sa mai kallo dariya ko da yana cikin jin haushinta.

Wannan matsayi yana da tsada ga mai ɗaukarsa. Mutanenmu da yawa, musamman a farkon zuwan bidiyo, ba sa rarrabe ɗan wasa da halin da ya nuna, don haka wadda ta fito a azzaluma kan sha baƙar magana a gari. Amma duk wanda ya san yadda ake gina labari ya san cewa in babu wanda ya iya mugunta da kyau, darasin ba ya zama. Waɗanda suka kalli finafinanta a gidajen kallo na Kura da Bunkure da Kadawa da Garun Malam, ana kunna janareto da daddare bayan an taso daga gonar shinkafa ko ta tumatir, za su tuna cewa sau da yawa ita ce abin hira washegari. Rikicin kishi da na uwar miji da suruka ba na birni kaɗai ba ne, shi ya sa matan karkara suka fi kowa gane abin da take nunawa.

Ta yi wannan aiki a shekarun da sana'ar ke cikin matsi. A 2001 gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i bayan ƙaddamar da Shari'a, a 2007 kuma aka dakatar da shirya finafinai a Kano na tsawon watanni. Al'adar masana'antar ita ce mace ta bar fim da zarar ta yi aure. Daso tana cikin ƙalilan da suka ci gaba da fitowa suna da aure. Da satar fasaha ta karya kasuwar kaset da faifai, harkar ta koma ga shirye-shirye masu dogon zango a tashoshi irin su Arewa24, da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, ita ma ba a bar ta a baya ba: gajerun bidiyoyinta na barkwanci a TikTok da Instagram sun sa matasan da ba su san zamanin kaset ba sun san ta.

Batun abin da iyaye mata ke samu a wannan sana'a ya fito fili a 2022, lokacin da Hajiya Ladin Cima, wadda aka sani da Tambaya tun zamanin wasan talabijin, ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa akan sallame ta da naira dubu biyu zuwa 'yan dubbai bayan ta gama aiki. Maganar ta jawo muhawara mai zafi tsakanin masu shirya finafinai, wasu suka musanta, wasu suka gaskata. Jami'an ƙananan hukumomi da ke gayyatar 'yan wasa domin wayar da kan jama'a kan rigakafi ko noman rani ya dace su lura da wannan, su tabbata kuɗin da aka ware ya isa hannun wanda ya tsaya a gaban jama'a, ba na ɗan tsakiya kaɗai ba.

Rasuwarta

Hajiya Saratu ta rasu a gidanta da ke Kano ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, wato jajibirin ƙaramar Sallah, bayan ta yi sahur ta koma barci. Tana da shekara 56. An yi jana'izarta a ranar kamar yadda addinin Musulunci ya tanada, kuma Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu na cikin waɗanda suka aiko da saƙon ta'aziyya ga iyalanta da abokan sana'arta. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.