Daga Sikeli Zuwa Takardar Tambaya: Yadda Aka Soma Auna Sanin Iyaye a Adar

Yunwar 2005 ta cika gidajen likita na Tawa da Keita da mata masu goyo. A lokacin, awo abu ɗaya yake nufi: a rataya yaro a sikeli, a zagaya masa zare mai launi a damtse, in ya nuna ja a ce tamowa ce. Ƙungiyoyi irin su Concern da MSF sun ceci rayuka ta wannan hanya. Sai dai wasu yaran da aka sallama kan dawo, shi ya sa hankali ya karkata ga abin da uwa ta sani, da abin da ake yi a tsakar gida.

Auna wannan sani ba a Nijar aka fara shi ba. A 1981 David MacPhee na Amurka ya tsara jerin tambayoyin KIDI. A 2007 likitar yara Ilgi Ertem ta Turkiyya da abokan aikinta suka fito da tambayoyi 20 masu sauƙi: yaushe jariri ke fara gani, yaushe ya kamata a soma yi masa magana? Suka tarar iyaye mata da yawa na zaton sai yaro ya yi wayo, alhali tun watannin farko yake gani, yake murmushi.

Wajajen 2008 gwamnatin Nijar da UNICEF suka soma yaɗa muhimman ɗabi'un iyali, kamar shayar da nono zalla wata 6, wanke hannu da sabulu da kwana cikin gidan sauro. A 2011 shirin Filets Sociaux na Bankin Duniya ya biyo baya, Tawa na cikin jihohi 5 da ya shafa. A lokacin mace kan karɓi jika 10 ta sefa duk wata har shekara 2, ga taron gari da ziyarar gida, inda ake koyar har da wasa da yaro da horo ba da duka ba.

Masu bincike Patrick Premand da Oumar Barry sun auna sakamakon a Doso da Maraɗi. Renon iyaye ya gyaru, abincin yara ya ƙara iri-iri, amma tsawo da nauyi da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna sani kaɗai ba ya cika tukunya.

Kuma akwai giɓi a awon kansa. Galibi uwa ake yi wa tambaya. A Adar kuwa, wato ƙasar Tawa da Keita, inda maza ke tafiya bida Abijan ko Libiya, kaka ce ke yanke hukunci kan dakashi da bauri da ranar yaye, yayar yaron ƴar ƙarama kuma ita ke wuni da shi a baya. Masu bincike da ke shiga Tamaske da Barmu su shimfiɗa tabarma gaban kaka, su tambaye ta ita ma.