Koyar da Ɗalibai Gwajin Wasannin Kwamfutar da Suka Tsara da Kansu

Tsakure

Maƙalar nan ta duba matakin da ake yawan tsallakewa a darasin tsara wasannin kwamfuta, wato miƙa wasan ga wani ya buga, mai shi yana kallo. Hujjarta ita ce, abin da ya fi wuyar koyarwa a nan shi ne kame baki da lura, domin gyaran umarni ɗalibi yakan koye shi da wuri.

Tushen Batun

Tun a 1980 Seymour Papert ya nuna a littafinsa Mindstorms cewa yaron da ke farautar inda shirinsa ya karkace yana koyon ɗaukar kuskure a matsayin abin gyarawa. Yasmin Kafai ta ɗora a kai: a bincikenta da ya fito a 1995, 'yan aji huɗu na wata firamare a Boston sun tsara wasanni da harshen Logo don koya wa ƙannensu lissafin rabi da sulusi da rubu'i, ƙannen kuma sukan zo su gwada. Muhimmin abu a tsarin shi ne, wasan yana da mai jiransa.

Aibi Iri Biyu

Akwai aibin da kwamfuta ke tonawa da kanta: maki ya ƙi ƙaruwa, ko kyanwar Scratch (manhajar da MIT ta saki a 2007) ta ratsa bango. Wannan ɗalibi zai gani shi kaɗai. Na biyun ba ya bayyana sai a hannun baƙo. A ce ɗaliba ta ɗora tsalle a kan dogon maɓallin tazara. Mai gwaji ya zauna, ya danna kibiyar sama sau uku, kyanwar ba ta motsa ba, dodo ya cinye ta. Umarnin lafiyarsa lau, wasan ne bai gaya wa kowa yadda ake tsalle ba. A daidai nan hannun ɗalibar zai miƙe zuwa maɓallan, bakinta na cewa "kawo in nuna maka". Da zarar ta nuna, gwajin ya lalace, domin ba za ta bi wasan gida-gida tana bayani ba. Aikin malami shi ne ya ba ta takarda da biro, ya zaunar da ita a bayan mai gwajin, ta rubuta inda ya tsaya da abin da ya danna.

Tambayar "ya yi daɗi?" kuwa kusan ɓata lokaci ce. A azuzuwanmu kara tana da ƙarfi. Yaro ba zai kushe aikin abokinsa a gaban malam ba, "wallahi ya yi kyau" zai ce ko da bai wuce matakin farko ba. Yatsunsa ba su san kara ba. Shi ya sa ya fi a sa mai gwaji ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana cikin bugawa, a kuma ɗauko shi daga wani ajin, wanda bai taɓa ganin wasan ba.

Mutum nawa? Jakob Nielsen da Thomas Landauer sun yi lissafin da aka wallafa a 1993, wanda Nielsen ya kafa hujja da shi cewa mutum 5 kan tono wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. A kula, lissafin ya shafi inda mutum ke rikicewa ne, bai auna nishaɗi ba. Duk da haka ya ishi aji: gwaji kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi taron gwaji guda a ƙarshen zango.

Bayan Gwaji

Ɗalibi yakan so ya sauya komai a zama ɗaya. A hana shi. Ya rage gudun dodo daga 10 zuwa 7, ya adana tsohon kwafi, ya sake gwadawa, don a san wane sauyi ne ya yi tasiri. Wajen bayar da maki ma, a ware kaso ga takardar lura da dalilin kowane sauyi, har da shawarar da ɗalibin ya ƙi karɓa in ya iya kare ƙin nasa.