Abin da ke Cikin Tulu

'Yan uwa marubuta, sau nawa muka aiki jarumar labarinmu ɗebo ruwa a rafi don kawai ta yi kiciɓis da saurayi? Mukan ɓata shafi guda kan tafiyarta da tulu a ka, amma ba ma leƙa cikin tulun.

Kakanninmu a Rano da Kibiya da ido da hanci da harshe suke gwada ruwa. In ya yi laka a jefa alif ya kwanta, in ya yi garau a juye a randa. Kurkunu ne ya ƙaryata wannan gwaji. Ƙwayarsa na ɓuya cikin wasu mitsi-mitsin ƙwarin tafki da ido bai cika gani ba. Mutum ya sha bana, sai baɗi tsutsar ta ɓullo masa a ƙafa, wata ta kai mita guda, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke. Kuma da damina take kwantar da magidanci, gonarsa na jiran noma. Wa zai zargi ruwan da ya sha bara?

Ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 ta gano sama da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ba allura ce ta kawar da shi ba, domin ba shi da ita. Ƙyallen tace ruwa ne, da maganin Abate da ake zubawa a tafki, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a mashaya. Janar Yakubu Gowon da kansa ya bi ƙauyuka tare da Cibiyar Carter. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke ƙasar.

Sai dai ƙyalle ba ya tare dukkan ƙwayoyin kwalara ko taifot. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa, na 2007, ya ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100, domin ganinta na nufin bayan gida ya taɓa ruwan. Wannan kuwa sai an ɗebi samfuri a kwalba mai tsabta, an kai ɗakin gwaji ya kwana.

Madatsar Tiga na maƙwabtaka da mu tun 1974, amma gidaje da yawa har yau rijiyar tsakar gida ce madogararsu, taku kaɗan daga masai, sai jarkar mai garuwa. Mun tambayi junanmu wa ya taɓa ganin an ɗebi ruwan rijiyar gidansu don gwaji, kowa ya yi shiru.